Askin Ƙafar Mai Safa

Shekara talatin da ɗaya Baba Layi ya yi yana aski a shago guda, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka cewa a duk shekarun nan bai taɓa karkata wa mutum layin goshi ba. Daga nan sunan ya samo asali. Shagon ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera biyu ce a ciki, sai dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da bencin masu jira, da wata fanka mai kuka kamar ana zare mata rai. Kujera ta biyun ba ta taɓa daɗewa da mai ita ba. Duk wanda ya ɗauka aiki, sati biyu ya yi yawa. Mutum na cikin aski Baba Layi zai zagayo bayan kwastoma, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Hagu ta fi dama sauka," ya karɓe kilifa ya gyara a gaban jama'a. Wa zai jure wannan? Amma shi a ce masa ga kuskurenka, ranar sai gari ya yi duhu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da aka sayar da benen aka ce kowa ya kwashe kayansa, yana da shekara sittin. Ya so ya kama wani shagon, sai ya zauna ya ƙirga kwastomominsa ya ga rabi sun yi sanƙo, wasu sun riga mu gidan gaskiya, samari kuwa zane-zane suke so a kai, abin da shi ya rantse ba zai yi da hannunsa ba. Ya naɗe kilifarsa a tawul ya saka a ƙarƙashin gado, ya zauna a gida.

Wata goma sha ɗaya ya yi a zaune, kuma matarsa ce ta ɗanɗana kuɗarta. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan falo, ba inda mutum zai ɓuya. Ya tashi da safe ya ce labule ya karkace. Ya shiga kicin ya jera mata cokula daga babba zuwa ƙarami. Ya tsaya a kanta tana yanka albasa ya ce ba ta yi daidai ba. Daga baya ma ya daina wannan, ya koma zama a bakin taga da singileti, ba ya ko aske gemunsa, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Ta kira Auta, 'yarsu da ke aure a ƙarshen gari, ta ce, "Ku zo ku san yadda za ku yi da ubanku. Mutumin nan yana narkewa ina kallo."

Mijin Auta direba ne, yana kai ciyawa wata gona a bayan gari inda ake kiwon dawaki. A can ya ji likitar dabbobin gonar tana faɗa, wai masu kula da barga sun sake yanke wani duƙushi wajen aske masa ƙafa, yanzu ko ƙarar kilifa ya ji sai ya nemi haura katanga. Direba ya ce, "Likita, ni fa ina da suruki mai aski." Da ya kawo maganar gida, a durƙushe, yana zaɓen kalmomi, Baba Layi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni? Askin doki?" Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba. A rana ta uku matarsa ta ji ƙamshin man kilifa daga ɗaki, ta yi kamar ba ta ji ba.

Likita yarinya ce sa'ar Auta, gajera, mai saurin tafiya da saurin magana. Farkon kowane wata take zuwa gonar da na'urar sikanin a cikin akwati, irin wadda ake duba jariri da ita a cikin mai ciki. Ita ba ciki take dubawa ba. A bayan ƙafar gaba ta doki, tsakanin gwiwa da idon sawu, akwai jijiyoyi da suka sauka kamar igiya, kuma su ne ke ɗaukar doki duk rayuwarsa. Likita tana auna kaurinsu wata bayan wata, tun daga haihuwar duƙushi har ya shekara, don ta ga ko suna girma yadda ya kamata, ta kuma kama matsala tun kafin ta zama gurgunta. To na'urar ba ta gani ta cikin gashi. Iskar da ke maƙale a gashin makantar da ita take yi. Dole a aske ɗan wuri kamar faɗin kwalin ashana, a wanke, a shafa wani mai mai yauƙi, sannan hoto ya fito.

Ranar farko ta kama hannun Baba Layi ta ɗora a kan wani ƙashi da ya turo a bayan gwiwar duƙushi, ta ba shi tef irin na tela. "Daga nan za ka auna zuwa ƙasa, Baba, ka aske a daidai wannan lamba. Kullum wuri ɗaya, ƙafa biyun duka. Jijiyar ba kauri ɗaya gare ta daga sama har ƙasa ba, tana buɗewa in ta kusa idon sawu. In wurin ya canza, awon ya canza."

Ya ce, "Na ji, 'yata."

Ya ji ɗin kuwa. Wata guda ya yi yana aunawa da tef, sannan ya cusa shi a aljihun farar rigar aikinsa ya manta da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana daidaita kunne da kunne, a ce sai da tef? Kuma gaskiya idon nasa bai ba shi kunya ba. Watannin farko Likita takan sake aunawa a bayansa, kullum ta samu daidai, har ta daina. Duƙusai goma sha huɗu ne, ƙafa ashirin da takwas kafin azahar, ga wata gonar tana jiranta. In ta ga inda Baba ya aske sai ta ɗora na'ura kawai.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne yadda duƙusan suka yarda da shi. Dogo, babban mai kula da barga, wanda ya girmi aikin gonar kansa, shi ke riƙe kai. Baba Layi ba ya gaggawa. Zai miƙa wa duƙushi kilifa a kashe ya shinshina, ya kunna ta ya ɗora a dantsensa don ya ga ba ta cizo, ya ɗora masa a kafaɗa, sannan a hankali ya gangara. Duk wannan yana yi yana surutu irin na masu aski, labarin ƙwallo, tsadar mai, wane ya yi aure wane ya saki. Duƙushi ya juya kunne yana saurare, kafin ya farga an gama. Sai ya ɗauko burushi mai laushi ya kakkaɓe masa ƙafa. Dogo ya rantse ya taɓa jin ya ce wa wata duƙusa, "Sai kin dawo." Ba a jima ba Manajan gonar ya ƙara masa kwana uku a sati, gyaran geza da wutsiya. Ya koma aske gemunsa kullum, yana goge rigarsa da kansa. Matarsa ta ce wa Auta, "Warin doki yake dawo min da shi, amma wallahi na gode Allah. Labulena ya huta."

Haka aka yi shekara biyu lafiya.

Cikin duƙusan shekara ta uku akwai wani jan namiji, mai ƙiriniya kamar ɗan fari a gidan kaka. Shi ne mai fara gudu in an buɗe fili, shi ne mai tsokanar manya, kuma shi kaɗai ne yakan tako da kansa in ya hango farar riga. Baba Layi ya ce ba ya son kai tsakanin kwastomomi, amma kowa ya san ƙarya yake yi. Duƙusai da gashin jarirai ake haifarsu, ƙafafun duk fari-fari ba ka gane komai. Da wannan ya kai wata huɗu ya zubar da gashin, sai ga fari tas a ƙafarsa ta hagu ta gaba, ya hauro daga kofato ya tsaya cak da layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Dogo ya sa masa suna Mai Safa.

A awon watan da ya biyo baya, Likita ta daɗe a kan ƙafar hagun. Ta goge, ta ƙara mai, ta sake ɗorawa. Baba Layi yana tsaye a gefe yana kallon allon na'urar, wanda shi har yau toka-toka kawai yake gani da wasu ƙwallaye biyu a tsakiya.

"Ta kumbura," in ji Likita. "Ta fi ta dama kusan da kashi ɗaya cikin huɗu. Watan jiya daidai suke."

Ta shafa ƙafar, babu zafi. Aka zagaya da shi, ba ya ɗingishi. Ta ciji leɓe ta ce wani lokaci haka abin yake farawa, hoto yakan riga ido gani. Ta ce a kulle shi a ɗaki sati shida, ba fili, ba gudu, sannan a sake dubawa. Ba da son ranta ta faɗa ba. Ta gaya wa Manaja a gaban kowa cewa gudu da tsalle su ne ke ƙarfafa jijiyar duƙushi, wanda aka kulle a wannan shekarun yana asarar abin da ba lallai ya dawo da shi duka ba. Amma in jijiyar ta fara tsagewa aka bar shi yana sukuwa, asarar ta fi haka.

Manaja ya gyaɗa kai. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya maimaita gargaɗi. Bara ya sallami wani ma'aikaci da ya shekara takwas a gonar saboda ya bar ƙofar fili a buɗe sau ɗaya.

Sati ɗaya ke nan da yaye Mai Safa, don haka shi kaɗai aka kulle. Kwana ukun farko ya cika gonar da haniniya, yana dukan ƙofa, yana miƙewa tsaye in ya ji 'yan'uwansa sun wuce. Daga nan ya yi shiru, kuma shirun ya fi kukan ciwo. Ya fara cin katakon ƙofa. Yana barin rabin abincinsa. Ƙafafun baya suka ɗan tasa saboda tsayuwa wuri ɗaya. Duk ranar da Baba Layi ya zo aiki sai ya shiga wurinsa ya ba shi labarin ƙwallo, amma kunnen ya daina juyowa.

A rana ta goma sha biyu ya shiga ya tarar da shi ya cusa kai a kusurwa ya ba ƙofa baya. Baba Layi ya tsuguna zai ɗauke bokitin ruwa, idonsa ya faɗa kan bayan ƙafafun gaba, biyun a jere. Wajen aiki ƙafa ɗaya yake kamawa, ya gama ya zagaya ɗayan gefen, bai taɓa tsayawa ya gan su tare ba. Gashin ya fara tsirowa amma shatin askin yana nan. Bai san sanda ya kanne ido ɗaya ba.

Hagu ta fi dama sauka. Da yatsa uku.

Ya laluba aljihu ya zaro tef ɗin, ya nannaɗe ya yi datti, ya auna daga ƙashin gwiwa. Ta dama tana kan lamba. Ta hagu ta gangara, kuma gindin askin ya zauna daram a kan layin farin nan. Nan take ya tuna ranar. Ya tsuguna da kilifa, ya ga layi miƙaƙƙe ya fito sabo, hannunsa ya tafi can da kansa. In ya aske a inda ya saba, za a bar wani siririn jan gashi tsakanin aski da fari, abin ya yi kama da aikin ɗan koyo. Sai ya sauko ya haɗe su. Har ma ya ja baya ya yaba wa kansa a zuci. Likita kuwa ta ɗora na'ura a inda jijiya ta fara buɗewa, ta ga kumburin da babu shi.

Ya zauna daɓas a kan ciyawar ɗakin. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, har kunnuwansa. Tsoro ya biyo baya. Sannan wata dabara ta zo, kuma ita ce ta fi su muni don ta zo da sauƙi. Nan da sati uku gashi zai rufe shatin, ba mai ganin komai. Ranar sake dubawa zai aske a daidai, Likita ta ga jijiya lafiya lau, ta ce hutu ya yi magani, Manaja ya yi murna, kowa ya watse. Ba wanda zai sani har abada. Kwana talatin ne kawai suka rage, kuma ba shi zai yi su a kulle ba.

Sati guda ya yi yana ɗauke da wannan. Ya daina shiga ɗakin Mai Safa, in zai wuce sai ya kau da kai kamar mai gudun surukarsa. Dogo ya ce, "Baba, kun yi faɗa da ɗan naka ne?" Ya ce gwiwarsa ce ke damunsa.

Ranar hutunsa da safe yana zaune a falo, shayinsa ya huce a gabansa, matarsa tana ninke wanki a kan kujera. Ya yi gyaran murya ya ce akwai wani mutum a wurin aikinsu da ya yi wani ɗan kuskure. Ya ba ta labarin tiryan-tiryan, yana kallon taga.

Ba ta daina ninki ba. Ta ce, "Shi mutumin nan, shekarunsa sittin da uku? Yana da mata mai haƙuri?"

Ya jawo kofin shayin yana juya shi a hannu.

"Malam, shekara nawa muna tare. Tun ranar Talata kake juya abinci da cokali." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Da a kan mutum ka yi, ya duba madubi ya zazzage ka ya tafi, gashi ya tsiro. Wannan ba shi da bakin da zai ce ba a nan ba ne."

"In na faɗa, Manaja korata zai yi. Kin san abin da ya yi wa mai ƙofa."

"Na sani."

"In dawo in zauna miki a bakin taga?"

Da ta buɗe baki muryarta ta sauka. "Ina tsoron zaman nan naka, ba zan ɓoye maka ba. Wata goma sha ɗayan nan ba na son in ƙara ganin irinsu. Amma na fi tsoron wanda zai riƙa shigo min gida kullum in ka yi shiru. Shi ban san shi ba." Ta ɗauki kofin. "Bari in ɗuma maka wannan."

Washegari, rana ta goma sha tara, Likita ta zo yi wa goɗiyoyi allura. Baba Layi ya yi niyyar ya same ta ita kaɗai a wajen mota, ya faɗa mata a hankali, ko ta san yadda za ta rufa masa asiri. Allah bai nufa ba. Duk inda ta taka Manaja na gefenta da takarda, Dogo na biye da igiya. Ya bi su daga wannan ɗaki zuwa wancan yana goge kilifar da ba ta da datti. Da ya ga ta rufe jakarta ta zaro makullin mota, ya san aski ya zo gaban goshi.

"Likita, ina da magana."

"To Baba, faɗi, ina sauri."

Ya dubi Manaja, ya dubi Dogo. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. "Mai Safa lafiyarsa ƙalau. Ni ne na aske masa ba a wurin ba. Ƙafar hagun na sauka da yatsa uku, na bi layin farin. Ban auna ba. Na fi shekara biyu ban auna ba."

Likita ta mayar da makulli aljihu, ta miƙo hannu, ya ba ta tef. Suka ɗunguma ɗakin duƙushin su huɗu. Ta tsuguna ta auna dama, ta auna hagu, ta sake auna hagu. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta ce wa Dogo ya ɗauko mata akwatin a mota.

"Aske min nan, Baba." Ta ɗora yatsa a kan lamba.

Ya tsuguna ya kunna kilifa. Yau babu ƙwallo babu labari, Mai Safa ya tsaya masa shiru duk da haka. Askin ya fito da gefe a cinye, ya haɗe da tsohon shatin ya zama wani dogon abu marar fasali. Likita ta wanke, ta shafa mai, ta ɗora na'ura. Ta auna, ta zagaya ta auna ta dama. Ta juyo da allon wajen Manaja, ta nuna masa lambobi biyu a ƙasa. Kusan ɗaya suke.

"Kwana goma sha tara," in ji Manaja. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Yaushe ka gane?"

Nan ma akwai ƙofar ƙarya a buɗe, ya ce jiya. Baba Layi ya ce, "Sati ɗaya ke nan, ranka ya daɗe. Tsoro na ji."

Dogo ya sunkuyar da kai. Likita ta miƙe tana goge hannu da tsumma. Ta ce, "Manaja, kafin ka yanke hukunci ka sa da ni. Awo aikina ne. Na ga lamba ta yi tsalle a wata ɗaya, ƙafa babu zafi babu ɗingishi, abin da ya kamata in fara yi shi ne in ɗauki tef. Ban yi ba don ina sauri." Ta juya wajen duƙushin. "Kuma da Baba ya yi shiru, da nan da sati uku na rubuta cewa kulle ya warkar da jijiya. Da na yarda da hakan, na riƙa kulle wasu da wannan hujjar. Ka san duƙusai nawa nake dubawa a shekara?"

Manaja ya tambayi Baba Layi ko akwai wasu masu farin ƙafa cikin na bana. Ya ce akwai biyu. Likita ta ce gobe da ƙarfe bakwai za ta dawo a sake duba su, kuma daga yau mai aski ya auna, mai riƙe kai ya karanta lambar da ƙarfi, ita ma ta auna. Shi kuma Mai Safa ba za a sake shi fili kai tsaye ba, don in ya fita da wannan ƙaiƙayin gudun bayan zaman wuri ɗaya, yanzu ne zai ji ciwon gaske. Sai an yi kwana goma ana zagayawa da shi a igiya, safe da yamma, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

"Ba ni da mutumin da zan ware wa wannan," in ji Manaja. Ya naɗe takardarsa, ya dubi Baba Layi daga farar riga har gwiwoyin da ke ƙara in ya tsuguna. "Wanda ya kulle shi, shi zai zagaya da shi. Kullum, har ranar hutunka. Kuma kada in sake ganin ka ba tef a wuya." Ya juya ya fita.

Sai da Dogo ya zungure shi da gwiwar hannu sannan Baba Layi ya gane ba korarsa aka yi ba.

Aka sa wa Mai Safa igiya aka buɗe ƙofa. Kowa ya matsa gefe, ana jiran ya yi wuf. Bai fito ba. Ya tsaya a bakin ƙofar da ya cinye, yana kallon hasken waje yana ƙifta ido, ya ja da baya taku ɗaya. Wannan ne ya karya Baba Layi, fiye da maganar Manaja, fiye da komai. Duƙushin da ke rigan kowa fita, yau ƙofa a buɗe yana tsoronta. Ya matsa kusa da kunnensa, ba ruwansa da su Dogo na ji, ya ce, "Ka yi haƙuri. Ni na yi maka. Ba ƙafarka ba ce, idona ne." Ya daɗe a tsaye yana shafa masa wuya. Can duƙushin ya ɗaga ƙafar mai farin ya ɗora a waje, a sandare, kamar mai taka ruwan sanyi.

Ranar farko sun zagaya bayan barga sau biyu, tsoho na ɗingishi, yaro na jan ƙafa. Rana ta biyu ya cinye abincinsa tas. Rana ta uku kumburin ƙafafun baya ya sauka, kunnen ya fara juyowa wajen labari. Baba Layi yana komawa gida matarsa na gasa masa gwiwa da ruwan zafi tana cewa Allah ya ƙara, da ma likitan asibiti ya daɗe yana ce masa ya riƙa tafiya.

A rana ta shida da safe suna bin gefen shingen babban fili sai aka sako sauran duƙusan. Suka zubo a guje, ƙasa na girgiza. Mai Safa ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya ɗaga wutsiya, ya saki wata haniniya da ba a ji irinta ba tun ranar da aka kulle shi. Sai ya daka tsalle da ƙafa huɗu ya finciki igiya.

"Kai, tsaya. Saura kwana huɗu, ɗan banza, Likita ta ce saura kwana huɗu."

Ina. Sakin igiya ba zai yiwu ba, tsayar da shi kuma ya fi ƙarfinsa. Dogo da ke tura baro daga nesa ya ajiye ya riƙe ciki. Ga Baba Layi, shekara sittin da uku, tef na lilo a wuya, takalmi ɗaya ya fita, yana sassarfa a gefen duƙushi tsawon shingen nan, yana zaginsa yana haki. Da suka kai ƙarshe Mai Safa ya tsaya don kansa yana hura hanci. Baba Layi ya dafa shinge ya sunkuya har numfashinsa ya dawo. Sannan ya tsuguna, gwiwa na ƙara, ya shafa bayan ƙafar hagu daga sama har ƙasa, ya shafa ta dama, kamar yadda ya ga Likita na yi. Duka biyun sanyi ƙalau.

Dogo ya iso da takalmin a hannu yana share hawayen dariya, ya ga shi ma tsohon fuskarsa a jiƙe take, sai ya fasa tsokanar da ya zo da ita.

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau," in ji Baba Layi, bai saki ƙafar ba. "Ka ga yadda yake gudu?"